Ranar da Madarar Auta Ta Koma Baƙa

Warin dafaffen sitaci ne ya tono komai. Ban sani ba ko ka taɓa wucewa ta gaban masu wankin hula da hantsi, lokacin da suka sauke tukunya suna tsoma huluna ɗaya bayan ɗaya. Wari ne mai ɗan tsami, tsakanin koko da jiƙaƙƙen rogo, wasu ma ba su jin shi. Ni kuwa shekaranjiya da ya buge ni a kasuwar Dutsin-Ma sai da na tsaya cak. Abin da na aikata a kasuwar zan faɗa maka, ba zan ɓoye ba, amma ba za ka gane shi ba sai na fara kai ka gidanmu na Kurfi.

A ɗakin Kaka na tashi, mahaifiyar Babanmu. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ko sunana ba ta kira saboda kunya, ana yaye ni aka miƙa wa tsohuwa. Sana'ar Kaka sitaci. Idan damina ta ja baya rogo ya ƙosa, sai a kawo mata shi a amalanke daga gonakin wajen Makera, mu zauna gindin darbejiyar tsakar gida muna ferewa. Magoginmu faifan gwangwani ne da aka hudhuda da ƙusa, yana cin rogo yana cin yatsa, bai san bambanci ba. Shi ya sa ba a raba tagar Kaka da 'yar kwalbar aidin. Ka yanke ta ɗiga maka, ka yi tsalle kana yarfa hannu, ita kuwa ta ce zafin nan shi ne maganin.

In an goge sai a kwarara ruwa, a tace da tsohon gyale, a bar shi a baho ya kwanta. Can in ka tsiyaye ruwan sama, sai ka tarar da shi a ƙasa fari fat, ya daskare, ka danna ya yi tauri, ka saki ya narke. A farfasa a shanya a tabarma, aikina in kori kaji. Ranar da ya bushe kuwa, Kaka takan ɗebo kaɗan ta murza tsakanin yatsunta daidai kunnena. Wata 'yar ƙara yake yi, ƙiƙ-ƙiƙ, kamar ɗan tsako a nesa.

"Kin ji?" in ji ta. "Sitaci kaɗai ke kuka. Garin dawa bai kuka, alli bai kuka. Fari ba ɗaya ba ne, ki riƙe wannan."

Na riƙe, sai dai ranar da ya kamata in tuna na manta. Wannan ma ban yafe wa kaina ba.

Kaka ba ta taɓa zama aji ba, amma tana da nata rabon abinci. Takan ce tuwo shi ke ba ka ƙarfin tashi, wake da nono su ɗinke maka jiki, man shanu ya yi maka ajiya don ranar wuya. Akwai na huɗu, in ji ta, wanda ba a ci ba a saye, da shi ake haifar mutum. In ta faɗi haka sai ta dungure mani goshi ta ce ga shi nan, goshin kakanki ne sak, har da taurin kan.

Da na shiga sakandare ta kwana a Dutsin-Ma, ranar da malamarmu ta kimiyya ta raba allo gida huɗu sai da dariya ta kuɓuce mani. Ta ce duk mai rai, daga tururuwa har raƙumi, da manyan sinadarai huɗu aka gina shi: kabohaidiret, furotin, kitse da mai, sai na huɗu mai dogon suna wanda ke ɗauke da gadon kamanni daga iyaye zuwa 'ya'ya. Na ce a raina, ashe Kaka ce aka rubuta a littafi. Malama ta zaro carbinta daga jaka ta ce haka sitaci yake, 'ya'yan sukari ne iri ɗaya aka jera a zare, tsiro ya ajiye su a saiwa ko a ƙwaya. Furotin ma jeri ne, amma 'ya'yansa iri-iri ne, kuma da su jiki ke yin tsoka da jini da gashi. Ta ce sitaci itacen girki ne, furotin tubali. Ko ka cika gida da itace, ba za ka tada ɗaki da shi ba.

Daga nan ta fito da kwalbar aidin, irin ta tagar Kaka. Ta ɗiga a kan nono, ya tsaya ruwan ɗorawa abinsa. Ta ɗiga a kan yankan rogo, nan take ya rine, shuɗi mai duhu kamar ruwan marina, har ya koma baƙi. Aji ya ɗauki sowa. Ni kuwa sai na tuna yadda yatsuna ke yin baƙi in Kaka ta ɗiga mani ban wanke hannu ba. Na ji daɗi ranar. Ban san abin da aka ɗora mani ba ke nan.

Ina shekara goma sha biyar, tsakiyar damina, Inna ta haifi Auta, bayan kwana biyu Inna ta cika. Ba zan tsaya a nan ba, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Jaririyar ta dawo ɗakin Kaka. Watannin farko wata maƙwabciya mai goyo ta shayar da ita, daga baya aka koma madarar shanu da matan rugar wajen Dabawa ke kawowa. Sai ɓarayin daji suka matsa, rugar ta tashi gaba ɗaya, nono ya yanke.

A nan Baffa ya shigo, ƙanen Baba, autan Kaka. Yana da shagon kayan masarufi a kasuwar Dutsin-Ma, yana sayar da madarar gari daga buhu, yana aunawa da gwangwani. Ya ce marainiya tasa ce, ba za ta rasa madara ba yana raye. Duk mako sai ya zo a kan babur da leda cike, mutanen gida suna ta sa mashi albarka. In zai koma kuma sai ya ɗaure sitacin Kaka a bayan babur, wai masu wankin hula na can sun ce babu kamar nata. Ya zo da fari, ya tafi da fari. Tun yana ɗaukar ƙwarya guda har ya koma rabin buhu. Kaka har tsokanarsa take, ta ce, "Wai kawuna nawa ne a Dutsin-Ma?" Shi kuwa ya yi dariya ya gyara hula.

Madarar nan in an zuba mata ruwan zafi sai ta yi kauri, ta kama cokali. Baffa ya ce ita ce ta asali, ta banza ce ke tsinkewa. Kowa ya yarda, don a wurinmu abu mai kauri shi ne mai albarka, ko kunu ne ko fura. Jikin Auta ya fara cikowa. Kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Mata su shigo su ce tubarkalla, maraici ya karɓe ta. Gashinta ya koma ja ya yi laushi, aka ce jinin Fulani ne na dangin uwa. Ta daina kuka, ta daina wasa, aka ce yarinya ce mai haƙuri kamar marigayiya. Ka ga yadda muka zauna muna yi wa ciwo kirari.

Da bazara na dawo hutu. Na ɗauke ta na ji ta da nauyi kamar salkar ruwa, jikin sanyi ƙalau alhali garin ya ɗauki zafi. Ni ma murna na yi, ba zan yi maka ƙarya ba. Wata rana na dama mata da ruwan randa don wuta ta mutu, ta ƙi sha, na ajiye kofin. Da na zo wankewa sai na ga wani farin abu ya kwanta a ƙasa, ya daskare. Ni da na ga irinsa sau dubu a bahon Kaka, sai na sa yatsa na kankare na watsar. Kwana tara aka ƙara ana ɗura mata. Na ƙirga su, ina ƙirga su har yau.

Sai da gudawa ta kama ta, fatar cinyoyinta ta fara saɓulewa kamar ƙuna, sannan ni da Baba da Kaka muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu babban yatsa kawai ta danna a bayan ƙafar Auta ta ɗaga. Rami ya zauna, bai taso ba.

"Iya, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Mi kuke ba ta?"

"Madara," in ji Kaka, har da ɗan ɗaga kai. "Ta gari, mai kauri. Ɗana ke kawo mata."

"Yarinyar nan jikinta ya daɗe bai ga madara ba."

Aka ba Auta gado, aka ce sai addu'a. Baba ya zauna da ita, ni da Kaka muka koma gida ɗauko kaya. Tun a mota maganar nan ke juya mani, ita da farin da na kankare a kofi. Muna shiga, rana tsaka, matan maƙwabta sun taru jin labari, na wuce su na ɗauko ledar madarar, na dama kaɗan a kofi, na miƙa hannu taga na ɗauko kwalbar aidin. Ɗigo biyu. Farin nan ya rine a gaban kowa, shuɗi, sannan baƙi ƙirin.

Tsakar gida ta yamutse. Wata ta kwarma salati ta ce sammu ne, an yi wa marainiya sammu. Wata ta ce kada a taɓa, a kira malam a haƙa rami a binne. Wata kuma ta ja da baya tana kallona, ta ce dama boko tsatsuba yake koya wa yara, wa ya san abin da na zuba. Ina ta ƙoƙarin yi masu bayanin carbi da tubali, ba mai saurare.

Kaka ta matso. Ta durƙusa, ta sa yatsu biyu a cikin ledar, ta kai kunnenta ta murza. A cikin hayaniyar nan na ji shi. Ƙiƙ-ƙiƙ.

"Ku yi shiru," in ji ta. "Ba sammu ba ne. Nawa ne. Ni na goga, wannan jikar tawa ta tace."

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ban taɓa ganin Kaka zaune a ƙasa ba tabarma ba sai ranar.

Da la'asar Baffa ya zo da sabuwar leda, bai san abin da ake ciki ba. Kaka ta sa aka shimfiɗa mashi tabarma, ta amsa gaisuwarsa tsaf, sannan ta tura mashi kofin.

"Sha."

"Iya, mi ye wannan?"

"Madararka ce. Sha mana, ai mai kauri ce."

Ya dubi kofin, ya dubi kwalbar da ke hannuna, ya gane. Na zaci zai faɗi ya yi kuka. Murmushi ya yi, wallahi murmushi. Ya ce haba Iya, rogo kau ba abinci ba ne? Kowa haka yake yi a kasuwa, in ba haka ba ba a fita. Wai shi bai san za ta yi wa yaro illa ba, kuma ciwo ai na Allah ne. Ko ware wa 'yar ɗan'uwansa gwangwani ɗaya mai kyau bai yi ba, daga buhun da ya cakuɗa yake ɗebo mata.

Kaka ta dube shi ta ce, "Shekara biyu na shayar da kai. Ko sau ɗaya na haɗa maka da rogo?" Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "To ban yafe ba. Nonon da ka sha ban yafe ba."

Kai da ka san abin da wannan kalma take nufi a bakin uwa, ka san dalilin da ya sa matan suka toshe kunnuwa suna Iya ki janye, Iya ki janye. Ba ta janye ba. Ta tashi ta ɗauko magogin ta jefa a masai. Daga ranar ba a ƙara fere rogo a gidanmu ba.

Ka zaci daga nan asirinsa ya tonu? Ina! Dattawan dangi suka taru a zaure suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Suka ce sunan gida ɗaya ne, in ya ɓaci har da mu 'yan mata da ba mu yi aure ba. Aka bi maƙwabta gida-gida da roƙo. Baba, mutum mai sanyi, ya kira ni ya ce in rufe bakina don darajarsa. Baffa ya yi alkawarin ya daina. Da zai fita ya tarar da ni ni kaɗai a soro, ya rage murya ya ce, "Ke mai boko, bakinki zai ja maki." Na yi shiru. Shekara shida ina shiru, kuma duk shekara shirun ƙara ɗaci yake.

Auta ta rayu. Makonni ta yi a asibiti ana ba ta madarar gaske da wani haɗin gyaɗa, kumburin ya saɓe, sai ga ainihin yarinyar, ƙashi da fata. Yanzu shekararta bakwai ba kaɗan, amma in ka gan ta sai ka ce huɗu. Magana sai ta yi dogon tunani kafin kalma ta fito. Sa'o'inta sun shiga aji biyu, ita tana gida tana bin inuwata. Likita bai ce lallai wannan ne sanadi ba. Ni na ce.

Kaka ta rasu daminar bara. Tana jinya Baffa ya zo sau uku, sau uku tana juya fuska bango. Ana gobe za ta cika ta nuna mani taga ta ce ba ta da zinari, ga abin da ta bar mani. Kwalbar ce. Aidin ɗin ya daɗe da bushewa, na kai kemis aka cika mani, na sa a jaka. Ban san ranar da nake jira ba, na dai san ina jira.

To shekaranjiya na je Dutsin-Ma sayo wa Auta takalmi. Warin nan ya tsayar da ni gaban rumfar masu wankin hula, na ɗaga kai, sai ga shagon Baffa a tsallake. Ya zama Alhaji yanzu, shago ya zama biyu, hula a kansa ta sha sitaci ta tsaya ƙyam. A gabansa wata yarinya ce da ba ta kai ni ba, da goyo a bayanta, yana auna mata madara. Kan ɗan ya leƙo, gashi ja. Ƙafafu biyu sun zubo ta ƙasan zani, ɓul-ɓul.

Ban san lokacin da na tsallaka ba. Na gaishe ta kamar na san ta, na kama ƙafar ɗan na danna. Ramin ya zauna.

Na fizgi gwangwanin awon daga hannun Baffa, na fasa ruwan leda a ciki, na ɗiga. Garin sauri har rabin kwalbar ya tuntsure. Ya yi baƙi. Na ɗaga sama ina ihu mutane su zo su ga abin da ake ba 'ya'yansu. Abin da na faɗa duka ba zan iya tunawa ba, na dai san na kira Auta, na kira Kaka. Ya damƙi wuyan hannuna har yau shatin yana nan.

"Ni za ki tozarta? Ni ubanki? Jama'a, mahaukaciya ce, guba ta zuba!"

Na ga fuskoki sun fara juyowa kaina, irin kallon da matan gidanmu suka yi mani. Wani ya ce a riƙe ta. A nan tsoro ya kama ni sosai, na ce shi ke nan, yau ni za a daka.

Sai wani tsoho daga cikin masu wankin hula ya ratso, hannunsa jiƙe har gwiwa. Ya goge a rigarsa, ya tsoma yatsu a buhun, ya kai kunne ya murza. Ya sake murzawa. Sannan ya dubi Baffa ya ce, "Alhaji, madararka kuka take."

Kasuwa ta fashe. Wasu dariya, wasu salati, mata suka yi ca a kan buhun kowa na murzawa a kunne. Aka ce kafin azahar aidin ya ƙare a kemis ɗin layin. Ni ban tsaya ba, na ja yarinyar nan muka shiga keke sai asibiti. An ba ɗanta gado. An ce an kawo shi da sauran lokaci.

Yau kwana biyu Baba bai amsa gaisuwata ba. Dattawa sun aiko in je in durƙusa in ce kuskure na yi. Baffa kuma ya aiko a gaya mani ya san hanyar da nake bi. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko shi ne. Ina jin tsoro, ban iya ɓoyewa. Amma durƙuso, sai dai a karya ƙafar. Suna ce mani jininmu ɗaya, kamar ban sani ba, alhali shi ne abin da ya fi ƙona mani rai, wannan na huɗun da ba a iya wankewa. Ba na roƙa mashi mutuwa. So nake ya daɗe. So nake duk ranar da ya ɗora hula a kansa ya ji tana yi mashi ƙiƙ-ƙiƙ a kunne, yara su bi shi da ita a layi, ya shiga masallaci a matsa.

Yanzu ba mai goga rogo a unguwarmu. Sitaci a leda yake zuwa daga kanti, darbejiyar ma an sare an yi ɗaki a wurin. Yaran da ke tasowa sun san fari, ba su san fari ba ɗaya ba ne. Shi ya sa ɗazu da hantsi na aika aka sayo mani ƙulli guda, na zaunar da Auta a kan cinyata, na murza mata a kunne. Ta yi dogon tunaninta, sannan ta ɗago.

"Yaya, kuka yake. Wa ya doke shi?"

Na ce mata ba wanda ya doke shi. Shaida yake bayarwa.